Furen kanti, kwanon yen 100 da furen roba

Ɗana, ka tambaye ni ko ya dace ka yi ikebana, fasahar shirya fure ta Japan, da ƙunshin furen da ake jerawa a bakin ƙofar babban kanti, cikin kwanon da ka saya a shagon yen 100, wato shagon kayan araha, tunda furen dillali ya fi ƙarfin aljihunka. Ka haɗa da furen roba, wai ba ya yaushi. Furen kanti da kwanon araha na yarje maka. Roba kuwa ban yarda ba.

Maganar kwano ba ta da tsawo. Sen no Rikyu, babban malamin al'adar shan shayi ta Japan, ya yanki gora a 1590 ya mayar da ita mazubin fure, kuma har yau ana girmama wannan aikin. In kwanonka ba ya yoyo, gindinsa ya zauna daram, launinsa kuma bai yi wa furen kishiya ba, to ya isa.

Masu cewa kasuwa ce ta lalata wannan sana'a ba su bi tarihinta ba. Gaskiya ne tushenta na haikalin Rokkakudo a Kiyoto, wurin gidan Ikenobo, tsohuwar makarantar ikebana, kuma tun 1462 an rubuta labarin furen da Senkei, malamin gidan, ya shirya mutane suka yi cincirindo don kallo. Amma a ƙarshen ƙarni na 19, da furannin Turai masu gajeren kara da kaifin launi suka shigo Japan, doguwar tukunyar da aka saba ba ta karɓe su ba. Unshin Ohara, wani malamin ikebana, bai tsaya kuka ba, ya fito da moribana, wato shirya fure a faffaɗan kasko marar zurfi. A 1927 Sofu Teshigahara ya kafa makarantar Sogetsu a kan cewa kowa na iya yi, a ko'ina, da duk abin da ya samu. Har yanzu manyan makarantu a benen kantuna irin su Takashimaya suke baje kolinsu.

Abin da nake so ka gane shi ne halin furen kanti. An noma shi ne domin ya shiga kwali: kara a miƙe sambal, tsawo ɗaya, kai ɗaya, kamar sojoji a fareti. Da yawa ma daga nesa ya zo, kaneshan daga Kolombiya, wardi daga Kenya, shi ya sa za ka same shi rani da damina ba ya canzawa. Mu kuwa abu biyu muke nema waɗanda kwali ba ya ɗauka: lanƙwasar reshe, da alamar lokacin da ake ciki. Don haka in ka dawo gida, kwance ledar, ka shimfiɗa karan ɗaya bayan ɗaya a kan tebur. Cikin goma za ka ga uku ne ko huɗu suke da abin faɗa. Sauran ka sa su a kwalba a kicin. Ka tsige ganyen da zai nutse, ka tsoma gindin karan a roba cike da ruwa ka yanke shi a can ciki, kada iska ta shiga ta toshe masa hanyar sha. Sannan ka nemo reshe ɗaya na lokacin, ko na lambun maƙwabci in ya ba ka izini. Shi ne zai zama shin, babban layi: haɗa faɗin kwanon da zurfinsa, ka ƙara rabin hakan. Soe, layi na biyu, ya kai kashi uku cikin huɗu na shin, hikae, layi na uku, ya fi soe gajarta. Furen kanti aikinsa ya bi bayan reshen.

Ka kula kuma, ƙunshin furen kiku da kantuna ke tarawa lokacin bikin Obon na wurin tuna mamata ne. Kada ka kai wa mai jego ko marar lafiya.

Yanzu roba. Sogetsu na aiki da waya, ƙarfe, har da leda, amma a matsayinsu na waya da leda, ba su yi shigar burtu sun ce su fure ne ba. Furen roba ba zai koya wa hannunka komai ba. Ba za ka ji inda reshe yake gab da karyewa ba sa'ad da kake lanƙwasa shi a hankali tsakanin manyan yatsunka biyu. Ba shi da fuskar da ta girma tana kallon rana, balle ka nemo ta ka juyo da ita. Ba shi da tohon da zai buɗe jibi, wanda dole ka bar masa fili tun yau. Rabin abin da nake koya maka ke nan.

Shi ma koren soson nan da masu sayar da fure ke soka kara a ciki, ka bar shi. Roba ce da ke marmashewa ta bi ruwa, kuma tana riƙe kara ko ta yaya ka soka, sai hannu ya yi lalaci. Kuɗin da ka rage a kan kwano ka sayi kenzan, wato matsokin da ake kafa kara a kai, mai nauyi, mai gindin dalma da allurai na tagulla, domin marar nauyi kifewa yake da zarar reshe ya karkata. Ran Asabar ka zo da ƙunshi ɗaya na kanti da reshenka, kada ka yanke komai sai mun duba tare.