Me Ya Sa Kek Ɗin Garin Shinkafa Yake Marmashewa?

'Yar'uwa, kin ce likita ya hana ɗanki cin alkama saboda gulutin, kin gwada kek da garin shinkafa zalla, ya fito yana marmashewa kamar yashi. Dole ya yi haka. Gulutin ɗin da ke cikin fulawa shi ke riƙe kek, garin shinkafa kuwa ba shi da wannan danƙo.

Ki haɗa garin shinkafa mai laushi giram 140 da sitacin rogo giram 60, ki zuba zantan gam (wani gari mai danƙo da ke maye gurbin gulutin) rabin ƙaramin cokali da bakin hoda (hodar sa kek ya tashi) ƙaramin cokali biyu. A gefe, ki buga bota giram 170 da sukari giram 160 har ya yi fari, ki fasa ƙwai uku ɗaya bayan ɗaya, sannan garin da madara babban cokali uku.

Inda aka fi yin kuskure ke nan: kada ki sa a wuta nan take. Ki rufe kwaɓin ya huta minti 25, garin ya sha ruwa, in ba haka ba za ki ji tsaki-tsaki a haƙori. Ki gasa a zafin digiri 170 na ma'aunin Celsius na minti 35 zuwa 40, kuma kar ki yanka sai ya huce sarai. Idan tsakiyar ta yi yauƙi, ko gam ya yi yawa ko bai gasu ba.

Ki kula da injin niƙa na unguwa, don ana niƙa alkama a ciki. Ki niƙa a gida ki tankaɗe sau biyu.