Tagar da muke bari tana buɗewa

Ka tambaye ni me ya sa a gidan nan na unguwar Aboabo a Kumasi muka kafe ƙarfen kowace taga a bango, amma na ɗakin kwana muka yi shi mai buɗewa, da kwaɗo. Ka ce ai ƙofa muka bar wa ɓarawo. To, saurara, yarona.

Ka san gidajen Zango. Ƙofar shiga ɗaya, ɗakuna a jere, tukunyar gas a baranda, kyandir in an ɗauke wuta. Idan gobara ta tashi daga bakin ƙofa cikin dare, ta ina mutane za su fita? Kafin a buga 192, lambar 'yan kashe gobara, kafin motar kashe gobara ta iso lungun da ko aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ƙyar take shiga, hayaƙi ya gama da su. Shi ya sa ba na yin gida ban bar taga ɗaya mai buɗewa ba, ko mai gidan ya ƙi. Kwaɗon yana daga ciki, mun rufe shi da akwatin ƙarfe don kada almakashin yanka ƙarfe ya samu wurin kamawa. Makullin kuma a rataye shi inda hannu daga waje ba ya kaiwa, amma kowa a ɗakin ya san wurin, har yara.

Ɓarawo kuwa ba wannan ce ke ba shi hanya ba. Ba kasafai yake zama yana yanka rodi da zarto ba, ƙarar za ta tashi maƙwabta. Inda ƙarfe ya haɗu da bango yake dubawa. Wasu sai su buga ƙarfen da ƙusa a jikin katakon taga, katakon da gara ta riga ta ci. Ɓanɓara ɗaya, ya fito gaba ɗayansa. Mu ƙafafu muke yi masa, mu fasa bulo, mu cusa su ciki sosai, mu cike da siminti. Waldar ma ka zagaye mahaɗar duka, ban da ɗigo-ɗigon nan da kake yi in kana sauri. Ina ganinka.

In na aike ka Magazin a Suame, unguwar makanikai da masu sayar da ƙarfe, kada ka ɗauko mini rodin da bai kai milimita 12 ba. Tazara kada ta wuce inci 4, ka gitta wasu a tsakiya, don rodi dogo mara gitta jak ɗin mota yana buɗa shi.

Sai ƙaramar sata, wadda ta fi yawa. Gilashin luba, mai falle-falle a jere, zare shi ake yi, a yaga ragar sauro, a zura sanda mai ƙugiya a jawo waya ko jaka. Wannan rodi ba ya hana ta. A ƙara ragar ƙarfe mai ƙananan ido, ka kuma gaya wa matar gidan ta daina cajin waya a bakin taga.

Gobe kafin mu ɗora sauran ƙarafan, ka shafe su da jan fentin hana tsatsa, musamman ƙafafun da za su shiga bango. Ruwan Kumasi ba ya raga wa ƙarfe, kuma daga can ƙasa tsatsa take farawa.