Bashin taki da iri: in karɓa ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noma masara hekta ɗaya a yankin Saminaka, kuma ban taɓa zuba mata fiye da buhu biyu na taki ba. Ƙungiyarmu ta samo masu ba da taki da iri da maganin feshi bashi, a biya da kaka. Maƙwabcina ya karɓa bara, gonarsa ta yi kyau, amma har yanzu kukan babu yake yi. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bashin na iya ƙara maka amfani sosai. Malaman gona kan ba da shawarar kusan buhu 8 na NPK 15-15-15 da buhu 2 zuwa 3 na yuriya ga hekta ɗaya ta masara, ka ga buhu biyunka ɗanɗano ne kawai gonar take yi. Da cikakken taki da ingantaccen iri kamar SAMMAZ 15 na cibiyar bincike ta Samaru, mai jure wuta-wuta, gonar da ta saba ba da buhu 15 tana iya ninka shi idan damina ta yi kyau. Sai dai cikar rumbu daban, abin da ya rage a aljihu daban, kuma nan ne nake zaton maƙwabcinka ya sha kashi.

Fara tambayar ranar da kayan za su iso hannunka. NPK cikin sati biyu da shuka ake son sa, yuriya kuma a sati na biyar zuwa na shida, tun kafin masara ta fara goyo. Takin da ya zo bayan ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, kara ya tsaya siriri, ba zai dawo da abin da aka rasa ba, amma kuɗinsa cif za ka biya. A shirin gwamnati na ba manoma bashi, wato Anchor Borrowers, da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 a kan ruwan kashi 9 cikin ɗari, jinkirin kaya na cikin abin da manoma suka fi kuka da shi. Wasu kuma sun ɗauke shi kason gwamnati, suka sayar da takin, biya ya gagara. Roƙona, kada buhu ɗaya ya tafi kasuwa, ko da hidimar gida ta matsa.

Sai ranar biya, wadda ta fi damuna. Daga Oktoba zuwa Disamba kowa na sussuka, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Idan da kuɗi za ka biya a lokacin, bashin da buhu 10 zai rufe a bazara yana iya cin fiye da haka. Idan da masara ne, a rubuta buhu nawa, na wane nauyi, da wanda zai ɗauki kuɗin mota. Ka nemi a kai wa'adin Fabrairu ko Maris, ko da yake ba kowace shekara hatsi ke tashi ba. A Nijar ƙungiyoyin manoma na da dabarar warantaji: a zuba hatsi a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen ƙungiya, ɗaya wajen mai ba da bashi, a karɓi kuɗi a yi lalura, sai farashi ya ɗaga a buɗe.

Ka tambaya ko akwai inshora, irin ta NAIC, hukumar inshorar noma ta Najeriya, domin ambaliya ko fari ba sa goge bashi. Idan kuɗin ruwa ne ke sa ka ɗari-ɗari, akwai tsarin da ake sayar maka da kayan a kan ƙayyadadden farashi ka biya daga baya. Ka kai wa malaminku na addini takardar ya duba.

Da ni ne kai, bana rabin hekta zan karɓar wa cikakkun kaya, in noma ɗaya rabin yadda na saba, in auna buhunan kowanne daban da kaka.