Filin Masu Karatu: Layi biyu sun sauya wuri a teburin gaskiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An ba ni teburin gaskiya, wato jadawalin amsar da da'ira za ta bayar a kowane yanayi, mai mashiga uku, A, B, C, inda mafita take 1 a layukan 001, 011, 110 da 111 kaɗai. Na taƙaita shi da taswirar Karnaugh na samu AB + BC' + A'B'C, na haɗa da ayisi (IC) uku, 74LS04 mai ƙofofin NOT, 74LS08 mai AND da 74LS32 mai OR. Layi shida daidai suke, amma ƙwan LED yana kamawa a 010, yana mutuwa a 011. Na sauya ayisi, na sake wayoyi, abin bai canza ba. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibin lantarki a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka bar wayoyinka yadda suke, da'irar tana yin ainihin abin da lissafinka ya umarce ta. Saka A=0, B=1, C=0 a cikin BC', inda C' ke nufin kishiyar C, za ka samu 1, shi ya sa ƙwan ya kama. Kuskuren a takarda yake.

A taswirar da Maurice Karnaugh ya fitar a 1953, ana jera ginshiƙai 00, 01, 11, 10, domin kowane gida ya bambanta da maƙwabcinsa da lamba ɗaya tak. Ga dukkan alama ka rubuta wannan jeri a sama daidai, amma da ka zo cikawa sai ka kwafo teburin a jere, 0, 1, 2, 3. Ta haka darajar layi na 2 (010) ta faɗa gidan na 3 (011), ta na 3 ta faɗa gidan na 2. A sahun ƙasa ma 6 (110) da 7 (111) sun yi musaya, sai dai duka biyun 1 ne, don haka ba ka gani ba. Jerin cikawa na gaskiya shi ne 0, 1, 3, 2 a sama, 4, 5, 7, 6 a ƙasa. Duk lokacin da layi biyu suka musanya amsa daram haka, kuma kullum a wuri guda, fara zargin taswira kafin ka taɓa allon gwaji.

Idan ka cika daidai, 001 da 011 za su haɗu su ba da A'C, 110 da 111 su ba da AB. Amsar ke nan: A'C + AB. Kafin ka jona ko waya ɗaya, bi layukan nan takwas da biro ka gwada wannan lissafi a kan teburin asali.

Ayisi uku ma sun yi yawa. 74LS00 guda ɗaya, mai ƙofofin NAND huɗu, ya isa. Kai A ƙafa ta 1 da ta 2, ƙafa ta 3 za ta ba ka A'. Jona 3 da 4, sa C a 5. Sa A a 9, B a 10. Sai ka kai 6 zuwa 12, 8 zuwa 13, mafita tana 11. Wuta bolt 5 a ƙafa ta 14, nagatif a ta 7.

In ka gyara amma har yanzu akwai gardama, ɗauki mita. Auna tsakanin 14 da 7 a jikin ayisin kansa, dole ya kasance tsakanin 4.75 da 5.25. Wasu allunan gwaji layin wutarsu a yanke yake a tsakiya, rabi na da wuta rabi babu. Daga nan saita layin da ke ba da matsala, ka bi daga mafita ka koma baya ƙofa bayan ƙofa, har ka iske wadda mashiganta daidai ne amma mafitarta ba daidai ba. A dangin LS, wato ayisi masu lamba 74LS, mashiga tana karanta ƙasa da bolt 0.8 a matsayin 0, sama da 2.0 a matsayin 1. Abin da ya faɗa tsakani alama ce ta ƙafar da aka bari a sake, ko mafita biyu da aka haɗa wuri ɗaya.

Batun makunni ne ya fi kayar da ɗalibai. Ƙafar LS da ba a jona ta da komai ba tana ɗaukar kanta 1 ce, saboda haka buɗe makunni ba ya nufin 0. Sa rezista ta om 10,000 zuwa nagatif ma ba ta wadatar ba, don ƙafar tana fitar da har miliamfiya 0.4, wutar ba za ta sauka ƙasa da 0.8 ba. Abin da ya fi shi ne rezista 4,700 zuwa bolt 5, makunni kuma ya riƙa kai ƙafar nagatif. Idan ayisin dangin 74HC ne a hannunka, ko mashigan ƙofofin da ba ka amfani da su kada ka bari a sake.

TAMBAYA: Da'irata A'C + AB ce, teburinta ya fita daidai. Amma da na jona mafitar da ayisin ƙirga, sai ƙirgen ya ƙaru duk lokacin da A ta sauka daga 1 zuwa 0, alhali B da C suna 1, kuma mafita bai kamata ta motsa ba. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa, teburin gaskiya bai san lokaci ba, ƙofofi kuwa suna da jinkiri, kusan nanosakan 10 kowace a dangin LS. Da A ta sauka, AB yana mutuwa da wuri, shi kuwa A'C sai ya jira ƙofar NOT ta juya tukuna. A ɗan wannan tsakani mafita tana nutsewa zuwa 0 ta dawo. Ido ba ya gani a ƙwan LED, mita ma ba ta kamawa, amma ayisin ƙirga yana iya lissafa shi.

Duba taswirarki: gidan 011 da na 111 maƙwabta ne, amma kowane yana rukuni daban. Zagaye su biyun ki ƙara BC, lissafin ya zama A'C + AB + BC. Teburin bai canza ba, sai dai yanzu BC yana riƙe mafita a 1 yayin da A ke juyawa. A nan mafi gajarta ba shi ne mafi inganci ba, kuma muna ganin ƙofa ɗaya ta ƙari ta cancanci kuɗinta.

Ki lura kuma da adadin da ake ƙarawa. Idan ɗaya ne kullum, wannan nutsewar ce. Idan yau uku gobe bakwai, makunnin hannu ne ke rawa na 'yan milisakan kafin ya zauna, kowace rawa tana haifar da tata nutsewar. Sai ki bi da A ta rezista da kafasita zuwa 74LS14, ayisi mai ƙofofin NOT da ke tace irin wannan rawa, kafin ta shiga da'ira, amma ki tuna kowace ƙofarsa tana juya A. Ki kuma sa kafasita nanofarad 100 tsakanin ƙafar wuta da ta nagatif a kowane ayisi, dab da jikinsa, musamman na ƙirgen.