Tambaya da Amsa: Shiga Shirin Binciken Kimiyyar Bayanai a Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a aji biyu, ina karanta lissafi. Jami'armu ta buɗe shirin bincike a kimiyyar bayanai, inda ake haɗa ɗalibi da malamin da zai yi masa jagora. Ina sha'awa, amma ban yi nisa a kwamfuta ba. Me zan tanada kafin in nema?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Malamai ba sa tsammanin ɗan aji biyu ya zo da ƙwarewa. Abin da suke dubawa shi ne ko za a ba ka aiki ka gama shi. Zaɓi yaren rubuta umarnin kwamfuta ɗaya, Python ko R, ka riƙe shi. Kama su biyun lokaci guda ɓata lokaci ne. In Python ka zaɓa, koyi pandas, kayan aikinsa na sarrafa teburin bayanai, har ka iya buɗe fayil, haɗa tebur biyu, gano gurbin da babu komai, da zana jadawali. Ka ƙara da ɗan SQL, yaren zaƙulo bayanai daga rumbunsu, da Git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren aiki. Lissafinka kuwa jari ne, musamman ƙididdiga da aljabara.

Sannan ka yi ƙaramin aiki guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Ɗauko bayanai na kyauta, misali daga shafin intanet na Kaggle, ka yi tambaya ɗaya, ka amsa ta, ka ajiye a GitHub, shafin intanet da ake ɗora ayyukan kwamfuta, da bayanin yadda wani zai maimaita. Wannan ya fi tarin takardun shaidar kwasa-kwasan intanet nauyi.

Takardar CV kada ta wuce shafi 1. In ana son wasiƙar shaida, sanar da malamin da zai rubuta ta da mako 3 ko 4, ka haɗa masa da CV ɗin da ranar rufewa. Kafin ka aika wa jagoran da kake so imel, karanta maƙalarsa 2, ka ambaci abin da ya ja hankalinka a ciki. Saƙon da aka kwafa aka tura wa malamai goma, da gani ake gane shi.

Tambaya daga wata ɗaliba: An ɗauke ni a shirin wata biyu ke nan, amma har yau gyaran bayanai kawai nake yi. Da na gwada samfurin hasashe, wato tsarin kwamfuta da ke koyo daga bayanai don ya yi hasashe, ya ci kashi 99 cikin 100, sai malamata ta ce ba ta yarda ba. Raina ya sosu. Ina kuskuren yake?

Amsa: 'Yar'uwa, malamarki ta yi gaskiya, kuma gyaran da kike rainawa shi ne binciken kansa. Kwanan wata da aka rubuta iri uku, suna ɗaya da rubutu biyu, layin da ya maimaitu, sifili da aka sa a maimakon gurbi: duk abin da aka gina a kansu rusau zai yi.

Sakamakon da ya yi kyau fiye da kima yawanci yoyo ne, wato amsar ta sulale ta shiga bayanan koyarwa. Duba wurare uku. Na farko, kin raba bayanan, misali kashi 80 na koyarwa da 20 na gwaji, kafin ki cike gurabe da daidaita ma'auni, ko bayan nan? In bayan nan ne, na gwajin sun riga sun gurɓata. Na biyu, ko mutum ɗaya ya fito a ɓangarorin biyu? Samfurin sai ya haddace shi kawai. Na uku, ko akwai ginshiƙi a teburin bayanan da ba a saninsa sai bayan abin ya faru, kamar maganin da aka ba mara lafiya alhali cutar ake hasashe?

Akwai kuma wata yaudarar. In mutum 1 cikin 100 ne ke da cutar, samfurin da ke cewa kowa lafiyarsa ƙalau zai ci 99 ba tare da ya gano ko ɗaya ba. Ƙirga masu cutar nawa ya kamo.

Kada ki taɓa fayil ɗin asali. Yi aiki a kan kwafi, kowane gyara ya kasance a rubuce cikin umarnin kwamfuta, ba da hannu ba. Ranar ganawa ki je da shafi ɗaya: abin da kika gwada, abin da ya fito, inda kika maƙale. In matsala ta riƙe ki kwana 2, yi magana, kada ki jira mako ya zagayo. In kuma bayanan mutane ne, kada ki ɗora su a GitHub ko ki kwashe zuwa kwamfutarki sai kin ga abin da kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da shi.

Tambaya daga wani ɗalibi: Za a sa sunana a maƙalar da za a buga?

Amsa: Ba dole ba. Ya danganta da gudunmawarka a tsara binciken, nazari ko rubutu, kuma al'adar fannoni ta bambanta. Tambayi jagoranka tun makon farko, cikin ladabi, me ake buƙata kafin suna ya shiga, ka kuma aika masa gajeren imel na abin da kuka tsayar.