Hukuncin Kare Kamfanin Manhaja Daga Masu Ɓata Masa Suna A Intanet

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Ni da abokaina biyu muka haɗa wata manhaja ta waya wadda 'yan kasuwar hatsi da dillalan riɗi da zoɓo suke rubuta bashi da cinikinsu a ciki. Allah ya sa mata albarka, har mun ɗauki yara huɗu aiki. Kwanakin baya sai ta tsaya na kwana biyu, ya faɗo ranar kasuwar Maigatari, lissafin wasu ya ɓace. Mun dawo da na kowa, ban da na wani dillali guda. Shi ya fara zaginmu a Facebook. Can sai wani da bai taɓa amfani da manhajar ba ya shiga yaɗa saƙon murya a WhatsApp cewa mu 'yan damfara ne irin MMM, wai muna sayar da lambobin mutane. Jama'a sun fara janyewa. Abokina ya ce mu buɗe shafuka da sunayen bogi mu yi ta yabon kanmu, mu saya wa wasu yara data su rufar wa mutanen nan biyu, mu kuma fito da bashin da ake bin dillalin kowa ya gani. Ɗayan ya ce mu sa 'yan sanda su kama su. Mahaifina ya ce mu yi shiru mu bar wa Allah. Mene ne hukunci?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya ƙara wa sana'arku albarka. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka kada ku raina abin da kuke yi wa mutanenku.

Kare kanku halal ne. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Shawarar mahaifinka shawarar dattijo ce, kuma da mutuncinka kai kaɗai aka taɓa, da na ce ka bi ta ka samu ladan haƙuri. Amma akwai abokan tarayya, akwai yaran da suke ci daga wurinku, akwai kuma 'yan kasuwar da suka zuba muku lissafinsu suna kwana da fargaba. Waɗannan suna da haƙƙin su ji gaskiya daga bakinku. Annabi (SAW) yana i'itikafi, ya fito raka matarsa da dare, wasu Ansaru biyu suka gan shi suka ƙara sauri, sai ya tsayar da su ya ce musu Safiyya ce 'yar Huyayyu. Bukhari da Muslim sun ruwaito shi. Ba su tuhume shi ba, amma bai bar zato ya kwana a zukatansu ba. Annabi Yusuf (AS) ma da aka zo fitar da shi daga kurkuku, cewa ya yi manzon ya koma a fara binciken maganar matan nan tukuna. Ka zauna da mahaifinka ka faɗa masa wannan cikin ladabi.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne yadda kuka haɗa mutanen nan biyu a ma'auni ɗaya, alhali hukuncinsu ya sha bamban.

Dillalin nan mai haƙƙi ne. Wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) yana neman bashinsa na raƙumi, ya yi masa magana mai kaushi har sahabbai suka yunƙura masa. Annabi ya ce su ƙyale shi, domin mai haƙƙi yana da ta cewa, sannan ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Ka dubi halin mutumin naku da kyau. Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari tana ci, mota ta yi lodi, masu riɗi sun kewaye shi kowa yana jiran kuɗinsa, ya ciro waya ya danna ya ga babu komai, ga wanda yake bi bashi yana cewa buhu bakwai ne ba tara ba. Wanda ya shiga wannan hali idan ya ɗaga murya, ba a mayar masa da martani, zuwa ake yi a same shi. Ku je da ƙafarku, ku zauna da shi, ku bi saƙonnin banki da ke wayarsa ɗaya bayan ɗaya, ku nemo waɗanda aka yi cinikin a gabansu, ku sake gina lissafin. Bashin da yake bin mutane bai faɗi ba don rubutu ya ɓace, yana nan a wuyansu har su biya. Idan kuma yana biyanku kuɗi ne don ku tsare masa lissafin, sai ya tabbata sakacinku ne ya jawo asarar, misali kun yi alkawarin ajiye kwafi ba ku ajiye ba, to gyara ya hau kanku, gwargwadon abin da masu sulhu ko alƙali suka yanke. Zagin da ya wuce iyaka laifinsa ne, amma ba ya kankare abin da yake binku.

Fito da bashin da ake binsa haramun ne babu ko tantama. Amana ya ba ku. Dokar ƙasa ta kare bayanan mutane ta 2023 ita ma ta hana. Kuma ranar da kuka yi haka, kun gaskata mai saƙon muryar da hannunku.

Shi wannan na biyun, idan abin da ya faɗa ba ya cikinku, ƙage ya yi, wanda ya fi giba muni. Masu tura saƙon nasa gaba suna da kasonsu na zunubi, domin aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni a bincika labari kafin a afka wa mutane da jahilci, kuma hadisi ya ce ya isa mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Sai dai kada ku yi fushi da jama'ar da suka tsorata. Tun da MMM ta rufe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, aka yi ta samun irinta, wanda ya taɓa ƙonewa dole ya ji tsoron duk abin da ya shigo masa ta waya. Ku yi bayani ɗaya da sunanku na gaskiya, a rubuce da kuma a murya saboda waɗanda ba sa karatun boko. Ku fara da laifinku: ranar kaza manhaja ta tsaya, ga dalili, ga abin da aka dawo da shi, ga abin da ya rage. Sannan ku faɗi ko kuna riƙe kuɗin mutane ko lissafi kawai kuke riƙewa, da kuma inda lambobinsu suke zuwa. A nan ina so ku binciki kanku da gaske. Idan akwai wani mai talla ko wani kamfani da kuka taɓa ba lambobin nan, ko da kyauta ne, ba ya halatta ku ce ƙarya ake muku gaba ɗaya. Hadisin Hakim ɗan Hizam ya ce idan masu ciniki suka yi gaskiya suka bayyana aibi, a sa musu albarka, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar cinikinsu.

Shafukan bogi kuwa haramun ne, ko da duk yabon da za ku rubuta gaskiya ne. Ka san mutumin da yake tsayawa gefen bijimi a kasuwar shanu yana ƙara tayi, ba shi da niyyar saya, sun ƙulla da mai bijimin ne don baƙo ya ji ya ƙara. Wannan shi ne najashin da Annabi (SAW) ya hana a hadisin Ibn Umar, haka kuma Imamu Malik ya bayyana shi a Muwaɗɗa. Mai shafin bogi yana shigar burtu ne a matsayin mai amfani da kaya, don wani ya ga taro ya bi, illar guda ce. Annabi ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Haka yaran da za a saya wa data su yi zagi, zunubinsu yana kansu yana kan mai biyansu, kuma kun koya musu cin abinci da mutuncin Musulmi. Abin da ya halatta shi ne ku roƙi waɗanda suka yi amfani da manhajar da gaske su faɗi abin da suka gani, da daɗinsa da ɗacinsa, ba tare da kun biya su ba. Su ma suna da lada, domin Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya kare mutuncin ɗan'uwansa, Allah zai kare fuskarsa daga wuta ranar alƙiyama. Idan talla kuka biya a yi muku, a faɗa cewa talla ce.

Kai ƙara ga hukuma halal ne ga wanda aka yi wa ƙage, amma dillalin ba ya cikin wannan. Ko ga mai saƙon muryar ma, ba na ganin ku fara da 'yan sanda. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha kulle mutane da shi a kan magana, har aka yi masa gyara a 2024. Sa a tsare mutum kwanaki kafin alƙali ya ji ta bakinsa ramuwa ce da ta wuce abin da aka yi muku, alhali aya ta 126 a Suratun Nahli ta ce idan za ku rama ku rama daidai. Ku nemo wanda ya san shi, ku kai maganar gaban sarkin kasuwa ko dagaci da liman, a ce ya kawo hujjarsa. Idan ya kasa, ya janye maganar da muryarsa a zaurukan da ya yaɗa ta. Idan ya ƙi, ya ci gaba, sai ku adana saƙonnin nasa ku shigar da ƙara a kotu.

Wallahu a'alamu.