Tambayoyinku kan sabis: cunkoson waya da fitinar busta

Tambaya: Malam, mu dubbai ne a Kantin Kwari, kowa na waya lokaci guda. Ya aka yi maganarmu ba ta cakuɗewa?

Amsa: Rabo ake yi, Alhaji. A 2G, mutum 8 ne ke karɓa-karɓa a tasha ɗaya mai faɗin 200 kHz, da saurin da kunne ba ya kamawa. A 3G kowa na magana tare, amma kowace waya da lambarta, da ita eriyar kamfanin waya ke tsamo muryarka. 4G kuwa tsaga tashar take yi siri-siri, 15 kHz kowace tsaga, tana sabunta rabon sau 1,000 a daƙiƙa.

Tambaya: Sabis ba ya shiga ɗakina. Wace busta (na'urar ƙara ƙarfin sabis) ce ta fi ƙarfi in saya a kasuwa?

Amsa: Hajiya, don Allah ki mayar da kuɗinki jaka. Wannan abu na ci mini tuwo a ƙwarya. Duk rabon da na faɗa a sama ba ya yiwuwa sai kowa ya yi magana daidai wa daida. Shi ya sa a 3G eriya ke umartar wayarki sau 1,500 a daƙiƙa ta ƙara ƙarfi ko ta rage, don kada na kusa ya danne na nesa. Bustar kasuwa ba ruwanta da wannan umarni. In aka kafa eriyarta ta waje kusa da ta ciki, sai ta riƙa jin kanta tana ƙara wa kanta ƙarfi, kamar lasifikar biki da aka kusanto wa makirufo. Injiniyoyi na da dabarar fara karanta sigina mafi ƙarfi, a cire shi, sannan a karanta na ƙasa da shi, amma sai siginar na da tsarin da aka sani. Ihun busta ba shi da tsari, ba ya ciruwa. Ke ki ga sanda huɗu na sabis a wayarki ki yi murna, maƙwabciyarki mai naƙuda kuma kiranta na yankewa cikin dare. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta sha gargaɗi cewa kafa busta ba da izini ba laifi ne. Ki kai ƙorafi ga kamfanin layinki, ki sayi rauta (na'urar Wi-Fi) mai cin sim ki ɗora a taga. Ni ma haka nake yi.

Tambaya: Wi-Fi ɗinmu na hostal na rarrafe da daddare.

Amsa: Ku da kuke sauke fim baki ɗayanku? Ku koma zangon 5 GHz a saitin rautarku. In babu, ku zaɓi tasha ta 1, 6 ko 11 a zangon 2.4 GHz.